Tsintsiyar da ke shara a wayoyinmu cikin dare

Kamar yadda kowa ya sani, babu mai rumfa a Babbar Kasuwar Maraɗi da zai buɗe ciniki bai share gaban rumfarsa ba, ko bai sa yaro ya share ba. Ba mu taɓa jin wanda ya yi faɗa da tsintsiya ba. Amma da a ce wata safiya Alhaji ya iso ya tarar yaron ya haɗa har da littafin bashi ya kai bola, yana cewa ai ya ga tsohuwar takarda ce, to ranar maƙwabta ne za su shiga tsakani. Yau akwai wata tsintsiyar da ido ba ya gani, tana cikin kusan kowace wayar salula da kowace kwamfuta da ake shigowa da su ƙasar nan. Masu ƙera kayan ne suka ɗaura ta tun daga masana'anta, suka yanka mata ranar aiki da sa'ar aiki, galibi tsakar dare lokacin da mai abin yake barci. Ba a tambaye shi ba, kuma da yawa daga cikinmu ba su ma san da zamanta ba.

An daɗe ana muhawara a tsakanin masu rubuta manhaja a Turai da Amurka da Cana kan wannan batu: shin ya dace a sayar wa mutum na'ura da ayyukan gyaran ma'ajiyarta a kunne, suna tashi da kansu, ko kuwa a bar su a kashe sai mai ita ya kunna da hannunsa? Wani zai ce ina ruwan mai sayar da tattasai da gardamar injiniyoyi. Da ruwanta ƙwarai, domin yanzu dukiyarta ce a cikin ma'ajiyar da ake sharewa.

A dubi yadda ciniki ya koma a ƴan shekarun nan. Matar da ke saro zogale daga lambunan Jiratawa tana kai wa masu kwaɗo a unguwannin Maraɗi, sau nawa take rubuta wani abu a takarda? Saƙon murya take aikawa: buhu kaza na ɗauka, na ba da kaza, saura kaza sai ranar kasuwa. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga Tibiri haka. Uwar adashe tana ɗaukar hoton shafin da aka rubuta zubin kowa, saboda ta san takarda tana jiƙewa tana ɓata, kuma wanda ya ga ruwan da aka yi a Maraɗi a ƙarshen watan Agusta na 2024 ba zai ce ta yi wauta ba. Wanda ya aika kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza hoton rasit yake turawa, hoton nan kuma shi ne shaidarsa idan magana ta taso. Da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, hulɗar da ke tsakanin ƴan kasuwarmu da abokan cinikinsu na Jibiya da Katsina da Kano sai ta ƙara komawa cikin waya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wadda ke cikin Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Ga wadda ba ta yi boko ba, ba ta kuma saba da ajami ba, muryar nan da ke ajiye a waya ita ce rubutun da ta iya. To duk abin da ke da ikon goge ta ba tare da sallama ba, ai dole a tsaya a dube shi da kyau.

Sai dai kafin a yanke hukunci ya kamata a rarrabe, domin tsintsiyar iri biyu ce, kuma masu tallar waya sun fi son a cakuɗa su.

Ta farko ba ta zubar da komai. Aikinta jera kaya ne da duba lafiyar sito. A tsofaffin kwamfutoci masu faifai mai juyawa, irin waɗanda suka cika shagunan buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a garin nan, idan aka daɗe ana ajiya ana gogewa sai fayil guda ya warwatse gutsure-gutsure a wurare dabam-dabam, kamar a ce buhun gero ɗaya an raba shi a kwano ashirin an ajiye kowane a kusurwarsa. Allurar da ke karanta faifan sai ta yi ta zirga-zirga, kwamfuta ta yi nauyi. Maganin shi ne a tattara gutsattsarin wuri guda. A zamanin Windows XP sai mutum ya je da kansa ya sa a yi, kuma mutum nawa ne suka sani? Da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows Vista ga jama'a a 2007 sai ya mai da aikin na mako-mako, yana tashi da kansa. A Windows 7, wadda ta fito a 2009, lokacin da aka yanka masa shi ne ranar Laraba da ƙarfe 1 na dare. Daga Windows 8 a 2012 aka haɗa ayyukan gyara iri-iri aka mai da su na kullum, a Windows 10 kuma lokacinsu ƙarfe 2 na dare ne.

Wayoyin salula da sababbin kwamfutoci ba su da faifai mai juyawa, ƙwaƙwalwar lantarki gare su, kuma nata ciwon dabam ne. Irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta iya rubutu a kan tsohon rubutu sai ta fara wanke gurbin gaba ɗaya. Idan ka goge hoto, manhajar waya ta san ka goge, amma ita ƙwaƙwalwar ba ta sani ba sai an sanar da ita. Misalinta misalin mai gadin mangaza ne da aka kwashe kaya ba a gaya masa ba, yana ta lallaɓa buhunan da babu komai a ciki, sabon kaya ya zo ya rasa inda zai sa sai ya yi ta kai-kawo. Saboda haka ake da wani ɗan aiki da ke zagawa lokaci-lokaci yana faɗa wa ƙwaƙwalwar guraben da suka zama fanko. Kamfanin Google ya sa wannan aiki a Android tun fitowar 4.3 a 2013, bayan masu allon Nexus 7 na 2012 sun yi ta kukan cewa na'urarsu tana ƙara nauyi wata bayan wata. A ɓangaren Linux, wadda ake rabawa kyauta, Ubuntu ta kunna shi na mako-mako tun 2014, Fedora kuwa ba ta yarda ta kunna wa kowa ba sai a 2020. Jinkirin ba na banza ba ne. A 2015 wani kamfanin Faransa mai suna Algolia ya ba da labarin yadda wannan aiki ya riƙa wanke guraben da ke da bayanai a manyan kwamfutocinsa, aka fara zargin masu ƙera ƙwaƙwalwar, daga baya aka gano kuskuren yana cikin Linux ɗin kanta, aka gyara.

Duk da wannan, a namu ra'ayin irin wannan tsintsiya ta farko a bar ta a kunne tun daga masana'anta. Masu cewa a bar wa mai na'ura ya zaɓa suna magana ne kamar kowa injiniya ne. Hajiyar da ke sayar da atamfa ba za ta taɓa shiga cikin saitin waya ta nemo wani abu da ko sunan Hausa ba shi da shi ta kunna ba, kuma babu laifinta. Abin da aka bari a kashe, a kashe zai zauna har wayar ta mutu. Sakamakon kuwa a aljihunta yake fita: waya ta yi nauyi cikin shekara guda, a ce mata ta tsufa, ta cire jari ta sayi wata, alhali ɗan aikin minti biyu ne aka hana wayar. Wanda ya sayi babur ba ya jiran a tambaye shi ko yana son mai ya riƙa zagaya injin. Abin da ba ya taɓa kayan mutum, kuma yake ƙara wa na'ura kwana, wajibin mai ƙerawa ne ya sa shi ya yi aiki.

Inda muke da ja shi ne wajen lokaci. Wanda ya zaɓi ƙarfe 1 ko ƙarfe 2 na dare yana zaune ne a garin da ake barin kwamfuta a kunne har safe, wuta ba ta ko ƙyaftawa. Mu nan wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Nijeriya ta yanke ta a farkon Agustan 2023, lokacin da wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Manoman Jiratawa da famfunansu ke jan ruwa da lantarki sun fi kowa sanin zafin abin. Ko a lokacin da babu takunkumi, watannin bazara ba sa wucewa ba tare da ɗauke wuta ba. Mai shagon buga takardu yana kashe injin janareta da ya tashi daga aiki, saboda mai ba kyauta ba ne. Aikin da ya kuskure lokacinsa na dare sai ya jira rana, da zarar an ɗan bar kwamfutar ta huta sai ya tashi, faifai ya kama ƙara, ga layin mutane na jiran a buga masu takardar neman aiki. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a faifai, sababbin tsare-tsare suna da dabarar kare kansu, amma tsohon faifan da aka sayo na hannu, wanda ya riga ya sha wuya a wata ƙasa, ba kullum yake tsira ba.

Waya ma haka. Aikin nan na Android ya fi son ya tarar da waya a kunne, tana kan caji, ba mai taɓa ta. A ƙauyukan da ke kewaye da Tibiri, da ma wasu unguwannin cikin gari, caji a wajen mai caji ake yin sa, kuma sau da yawa a kashe ake miƙa wayar don ta cika da sauri ko don kada wani ya buɗe ta. Ke nan aikin da ke da amfani shi ne yake yawan samun jinkiri a wajenmu. Kamfanin da ke sayar da miliyoyin wayoyi a Afirka ya isa ya san haka, ya tsara aikin ya bi yanayin caji da wutar masu sayen kayansa.

Sai tsintsiya ta biyu, wadda ita ce dalilin wannan sharhi. Wannan tana gogewa. A Windows 10 da Windows 11 akwai wani tsari da ake kira Storage Sense, wanda idan wuri ya yi ƙaranci yana iya kunnuwa da kansa, ya share tarkacen wucin gadi, ya kuma zubar da abin da ya wuce kwana 30 a kwandon shara. Akwai sakatarori da yawa da suka mai da kwandon nan wurin ajiyar takardun da ba su gama yanke shawara a kansu ba. Duk wata ƙungiyar manoma ko ta mata da ke ajiye lissafin kuɗin ruwa ko na taki a kwamfuta guda ɗaya tak, ya kamata ma'ajinta ya san da wannan.

Kada a ɗauka manyan kamfanoni ba sa kuskure. Ranar 2 ga Oktoban 2018 Microsoft ya fitar da sabon gyara ga Windows 10, cikin ƴan kwanaki ya janye shi, saboda mutane sun wayi gari takardunsu da hotunansu sun ɓace. Musabbabin abin wani ɗan umarni ne da aka rubuta don ya share tsofaffin jakunkunan fayil da aka zaci babu komai a cikinsu, ashe wasu cike suke. Kamfanin ya ce waɗanda suka kawo kuka ba su wuce ɗaya cikin dubu goma ba, bai kuma sake sakin gyaran ba sai 13 ga Nuwamba. Ɗaya cikin dubu goma ƙaramin adadi ne a ofishin kamfani. Ga wanda abin ya faɗa kansa kuwa, aikin shekaru ne ya tafi. Idan kamfani mai dubban injiniyoyi ya kasa bambance jakar da ke fanko da wadda ke cike, ina ga ƴar manhajar da ba a san ko su wa suka rubuta ta ba?

A nan ne muka zo kan wayoyin da ke hannun yawancin masu karanta mu. Kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a Cana, mai Tecno da Infinix da itel. Ba za mu ƙi faɗin alherinsa ba: shi ya kawo waya mai layi biyu da batir mai daɗewa a farashin da talaka zai iya, ya kuma sa Hausa cikin harsunan wayoyinsa. Amma masu arahar cikinsu ma'ajiyarsu ƙarama ce, giga 16 ko 32, kuma manhajojin da aka zo da su sun riga sun cinye wani kaso tun kafin a buɗe kwali. Wata uku ana turo bidiyon biki da wa'azi da barkwanci, sai waya ta fara kukan ta cika. A daidai nan manhajar shara take fitowa, irin su Phone Master da ake samu a cikin wayoyin tun daga kanti, ko wasu da masu tura waƙoƙi ke loda wa mutane. Za ta nuna jan launi, ta nuna lamba mai yawa, ta ce tarkace ne, ga babban maɓalli a danna. Yawancin abin da take kira tarkace da gaske tarkace ne, kuma zai sake taruwa gobe. Amma irin waɗannan manhajoji galibi suna da wani sashe na tsabtace WhatsApp, inda ake jero hotuna da bidiyo da saƙonnin murya bisa girmansu ko tsufansu. Manhaja ba ta san bambancin muryar mai barkwanci da muryar wanda ya ce ya karɓi buhu goma bashi ba. A wurinta duk tsofaffin fayil ne. Yatsa guda, a hannun uwa ko a hannun ɗan da ta ba wayar ya rage mata kaya, ya isa.

Kuma kada a ɗauka duk mai riƙe da tsintsiya don Allah yake shara. A watan Fabrairun 2020 Google ya kori manhajoji wajen 600 daga kasuwarsa saboda tallace-tallacen da suke cusa wa mutane, cikinsu har da na kamfanin Cheetah Mobile mai Clean Master, wadda ta taɓa zama a cikin ɗaruruwan miliyoyin wayoyi. A 2017 ɓarayin intanet sun cusa guba a cikin CCleaner, manhajar share kwamfuta da ƴan gyara ke ji da ita, mutum sama da miliyan 2 suka sauke gurɓatacciyar. A Agustan 2020 kuma masu binciken Secure-D suka ba da rahoton cewa wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 sun iso hannun masu saye a ƙasashe irin su Habasha da Kamaru da Gana da mugunyar manhaja a cikinsu, wadda ke yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba tana cin kuɗinsu. Transsion ya ce wani ne daga cikin masu kawo masa kaya ya sa ta, kuma ya riga ya fitar da magani. Mun kawo waɗannan ne don a gane cewa duk abin da aka dasa a waya tun daga masana'anta yana da iko fiye da wanda mutum ya sauke da kansa, sau da yawa ma ba ya ciruwa. Iko irin wannan ba a bayar da shi ba tare da sharaɗi ba.

Akwai kuma wani abu da ko ƴan gyara ba duka suka lura da shi ba. A da, idan aka goge fayil a faifai mai juyawa, rubutun yana nan kwance har sai wani ya hau kansa, shi ya sa gwanin gyara kan iya tono shi. Yanzu tsintsiyar farko, wadda muka yaba, ita ce ke zuwa bayan ta biyu ta wanke gurbin tas. Ga shi kuma sababbin wayoyi suna kulle abin da ke cikinsu da mabuɗin sirri. Ma'ana, kuskuren da a da ake iya gyarawa da ƴan jikkuna a wajen mai gyara, yau in ya kwana biyu ya zama sai haƙuri. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa gogewa ba aikin da za a bar wa agogo ba ne. Tun Android 11 ta 2020 akwai tsarin kwandon shara da ke riƙe hoto kwana 30 kafin ya tafi, amma ba kowace manhajar shara ce ke bi ta cikinsa ba.

Shi kansa WhatsApp yana da nasa agogunan da ya kamata iyayenmu mata su sani. Kullum da ƙarfe 2 na dare yana yin kwafin hirarraki a cikin wayar, amma kwafin da ke cikin waya tare da waya yake ɓata idan aka sace ta a cunkoson kasuwa. Kafin ya hau ma'ajiyar Google sai an haɗa asusu, kuma a saitinsa na asali Wi-Fi yake jira, abin da mafi yawanmu ba mu da shi. In an ce ya yi da kuɗin layi, to zai ci kiredi. Daga 2024 kuma kwafin yana cin wuri cikin giga 15 da Google ke bayarwa kyauta. Lambar da ta yi kwana 120 ba ta hau ba, WhatsApp yana iya rufe asusunta, Google kuma tun Disambar 2023 ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wanda ya fi damunmu shi ne saƙo mai ɓacewa da kansa, wanda aka kawo a 2020, aka faɗaɗa shi a 2021 ya zama na sa'a 24 ko kwana 7 ko kwana 90. A hirar mutum biyu kowannensu yana iya kunna shi. Ke nan wanda ake bi bashi yana iya kunnawa, ɗan rubutu ya fito da Faransanci ko Ingilishi yana sanarwa, mai bin bashin ba ta iya karantawa ba, bayan mako guda duk alkawarin da aka yi daga ranar ya bi iska. Ba mu ce kowa macuci ba ne. Amma ƙofa ce a buɗe, kuma an san halin ɗan Adam da bashi.

Wannan ya kawo mu ga maganar harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan maganar ba ta takarda kaɗai ba ce, to ga wurin gwada ta. Hukumar ARCEP ita ke da alhakin amincewa da na'urorin sadarwa da ake sayarwa a ƙasar nan. Muna kira gare ta da ta sa cikin sharuɗɗanta cewa duk wayar da za ta shigo, manhajar sharar da ke cikinta kada ta goge hoto ko murya ko takardar mutum bisa jadawali, sai ta tambaya, tambayar kuma ta zo da Hausa, a rubuce da kuma a murya, tana faɗin abin da za a rasa a fili. Abin da aka goge ya zauna a kwando aƙalla wata guda. Wanda ba ya son manhajar ya iya cire ta. Ba abu ne mai wuya ba ga kamfanin da ya iya koya wa kyamararsa ɗaukar baƙar fata da kyau don ya samu kasuwarmu. Hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, wadda ke aiki da dokar 2017 da aka sake a 2022, ita ma ta leƙa ta ga abin da waɗannan manhajoji ke kwasa suna aikawa waje, tunda ba a share ɗaki sai an shiga cikinsa.

Mun san za a ce wayoyi da yawa ba ta ƙofar hukuma suke shigowa ba, ta Ɗan Isa da hanyoyin daji suke biyowa cikin jakar matafiya, kuma Nijar ita kaɗai ƙaramar kasuwa ce a idon Shenzhen. Gaskiya ne. Amma masu jin Hausa daga Maraɗi zuwa Kano zuwa Zango na Kumasi sun haura miliyan hamsin, kuma waya ɗaya ake sayar masu. Manyan alhazan da ke oda daga Dubai da Guangzhou suna da bakin magana da wakilan kamfanonin fiye da kowane ma'aikacin ofis, reshen Maraɗi na majalisar ƴan kasuwa kuma yana iya haɗa su su yi magana da murya ɗaya. Wanda ke sayen kwali dubu ba a ƙin sauraronsa.

Kafin nan, nauyin yana kan ƴan uwanmu masu sayar da waya da masu gyara da masu tura fina-finai a bakin kasuwa. Su ne injiniyoyin talaka. Abin takaici, wasunsu da an kawo waya tana nauyi ba sa tambayar komai, sai su mai da ita yadda ta fito daga kanti, su karɓi kuɗin aiki, mai ita sai ta isa gida ta tarar babu ko lambar ɗanta. Wasu kuma su ne ke loda manhajar shara uku a waya ɗaya, kowace tana rige-rigen nuna jan launi. Minti biyar ya isa mai sayarwa ya zauna da Hajiya ranar da ta sayi waya, ya kashe mata sharar da ke tashi da kanta, ya hana WhatsApp sauke kowane bidiyo da aka turo a rukuni, wanda shi ne ainihin abin da ke cika wayar, ya nuna mata ƴar alamar agogo da ke fitowa a jikin hoton mutum idan an kunna saƙo mai ɓacewa. Mai gyaran da ya saba tambayar "Hajiya, akwai abin da ba ki so ya ɓata?" kafin ya taɓa komai, shi ne zai riƙe masu zuwa wurinsa. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke neman aikin da zai amfani gari, ga shi a bakin ƙofarsu: rana ɗaya a kasuwar Tibiri, rana ɗaya a ta Jiratawa, da tebur da kujera.

Ku kuma iyayenmu da ƴan uwanmu mata masu sana'a, bashin da ya kai a yi shari'a a kansa kada a bar shi a murya kaɗai. A sa yaro ɗan makaranta ya rubuta a littafi, da boko ko da ajami, a kuma yi shi gaban shaida. Muryar da ke da muhimmanci a tura kwafinta ga wayar miji ko ɗa ko ƴar uwa tun ranar da aka yi maganar, domin abin da ke waya biyu da wuya ya ɓata rana ɗaya. In waya ta nuna jan launi ta ce a share, babu gaggawa, ba za ta fashe ba, a jira wanda ya iya karatu kuma aka amince da shi. Idan kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa, aka goge abin da ake buƙata, a fara duba kwandon shara na wurin hotuna, sannan a tambayi wanda aka yi hirar da shi ko nasa kwafin yana nan. In abin a katin memori yake, a cire katin nan take, kada a ɗauki ko hoto ɗaya a kansa, a kai wa mai gyara a ranar, domin kati ya fi cikin waya saurin dawo da abin da aka goge muddin ba a ɗora wani sabon abu a kansa ba.